Ƙofar Gonar Eirlys

Shekara goma sha tara ina shiga kogin nan da kwale-kwalena ta gonar Eirlys, ba wanda ya taɓa jin kanmu. A nan Wales gaɓar kogi tana da mai ita, kifin ciki ma yana da masu shi, mu masu tuƙin nishaɗi kuwa kamar ɓarayi ake kallonmu. Ita Eirlys ta ba ni makullin ƙofar gonarta da sharaɗi ɗaya: in kama bakina. Gwiwata ta mutu tuni, kuma gangaren gonarta ne kaɗai nake iya sauka ba tare da an riƙe ni ba.

Sai ga Gethin, shugaban ƙungiyarmu ta masu kwale-kwale, sarkin surutu a intanet. Mutumin da ko filafili bai iya riƙewa daidai ba, wai shi zai ƙwato mana koguna. Ya buɗe taswira a intanet, ya ce kowa ya sa alamar inda yake shiga ruwa don gwamnati ta ga yawanmu. A wajen taro ya yi ta zagin manoma, ya ce duk azzalumai ne. Raina ya ɓaci, na ce ƙarya yake, na kama sunan Eirlys, na ce ai ta gonarta nake shiga. Ni da bakina.

Kafin in isa gida alamar gonarta ta hau taswira. Ranar Asabar motoci arba'in suka cika mata hanya. Wani sakarai ya bar ƙofa buɗe, karen wani ya bi tumakinta masu ciki, biyar suka yi ɓari.

Ta sa sabon kwado. Gethin ya ɗauki hotonsa ya watsa, ya rubuta wai ga fuskar zalunci. Mutanen da ba su san ko hanyar garinmu ba suka yi ta tsine mata. Na kira shi na ce ya goge, ya ce, "Haba dattijo, hoton nan ya kawo mana sa hannu dubu takwas a takardar kokenmu."

Na tsani yaron nan, wallahi.

Na je na same ta tana gyaran shinge. Na fara zagin Gethin, na ce shi ya ja mata wannan masifa. Ba ta ko ɗago ba, hannu kawai ta miƙo.

"Ban san wani Gethin ba, Dilwyn. Mutum ɗaya na ba makulli."

Na ciro shi daga igiyar wuyana na ba ta, duk da ba ya buɗe komai yanzu. Kwale-kwalen yana saman motata har yau, ban iya sauke shi ni kaɗai ba.