Motar Kamfani Ran Lahadi

"Zakka, don Allah, motarka!" Obiageli matar maƙwabcinsa ce tsaye a ƙofar ɗakinsa, ko ɗankwali babu. "Baban Felicia ya faɗi, numfashi sama-sama."

Zakka ya ajiye rezar aski. Direba ne a kamfanin wani Bakwara ɗan Labanan, yana raba sabulu da gishiri kanti-kanti, motar kuma a ƙofar gidan hayarsu na Sabon Gari take kwana. Sai dai yau Lahadi. Watan jiya wani direbansu ya kai amarya Rijiyar Lemo ya buge mai keke, aka sallame shi, har yanzu yana zaryar kotu. Akawu ya tara su ya ce inshora ba ta san tafiyar da ba ta aiki ba; wanda ya tada mota ran hutu, abin da ya faru a wuyansa. 'Ya'yan Zakka huɗu.

Ya leƙa ɗakin maƙwabcin nasa. Nwabueze kafinta na kwance a tabarma da rigar coci, ya jiƙe sharkaf, hannu dafe da ƙirji. Shekara shida bango ɗaya ke tsakaninsu.

"Madam, bari in karɓo takardar izini. Nan da Fagge ne."

"Takarda?" in ji ta.

Nwabueze ya ɗaga yatsu. "Bar shi ya je. Kada su kore shi."

Zakka ya hau keke. Malam Albert akawu ya fito da hannun tuwo ya ce, "Wallahi ba ni da iko, sai manaja." A gidan manaja maigadi ya ce yana barci. Zakka ya yi ta kwaɗa sallama har mutumin ya fito, ya sa hannu a tsaye. "Asibiti kaɗai, ka dawo da ita."

Ana kiran azahar ya shigo layinsu. Tun daga kwana ya ji kukan mata. Maƙwabta sun gaji da jira sun ɗora Nwabueze a amalanke. Ba su kai kasuwa ba ya cika, suka juyo da shi.

Obiageli ta dube shi. "Ka dawo?"

"Na dawo, Madam."

Ta juya ta shige ɗaki.

Ran Litinin ya fito da sassafe, ya tarar da ita a durƙushe da tsintsiya, tana zaƙulo ɓawon katakon aikin mijinta da iska ta tara a ƙarƙashin motar. Ya tsaya da makulli a hannu har ta gama.