Ƙofar 'Yan Mata

Tsohuwar makarantar unguwarmu ofisoshi ce yanzu, lauyoyi a sama, 'yan inshora a ƙasa. Daga waje dai kusan ba su taɓa ta ba. Baƙin dutsen yana nan, da hasumiyar, da dogayen tagogi masu tsini irin na coci, da ƙofofi biyu da aka sassaƙa wa suna, ta maza da ta 'yan mata. A zamaninmu yaron da ya kuskura ya bi ta ƙofarmu sai ya sha rula a tafin hannu. Shi ya sa Casimir yakan tsaya a gindin matakala in an tashi, yana jiran in fito. Daga nan har aure, har tsufa.

Yanzu ciwon mantuwa ya cinye shi. A gida "baiwar Allah" yake ce mini, kuma wallahi yana yi mini zafi. Amma da zarar ya ga ginin nan sai ya miƙe ya gyara hula, ya je gindin matakala ya tsaya. Sai na yi tunani, in na fito ta ƙofar nan, wataƙila ya gane ni ko sau ɗaya.

"Kaka Loretta, yau ma da saurayin?" in ji Darnell mai gadi.

"Kai dai bakinka ya fi aikinka. Buɗe mini ƙofar 'yan mata."

"Ai ba ƙofa ba ce yanzu, Kaka. Sun liƙe ta da gilashi, injin kwafi ne a bayanta."

"To ture injin."

Na bar Casimir a gindin matakala, na bi Darnell ciki ta ɗaya ƙofar. Ya ture. Na tsaya inda nake tsayawa ina 'yar shekara sha biyar, na cire tabarau, na gyara gashi kamar wata sakarya. Na ƙwanƙwasa gilashin.

Casimir ya ɗago. Fuskarsa ta washe, har ya tako mataki guda, abin da bai taɓa yi ba don tsoron rula.

Sai na ga ba ni yake kallo ba, bayana yake leƙe. Ya yi mini alama da hannu, cikin ladabi.

"Baiwar Allah, ɗan matsa mana," ya ce. "Kin tare wa Loretta hanya."

Na matsa.