Gyaran Akushin Inna Kulu

Zauren Al'adun Duniya suka raɗa wa ɗakin, alhali duniyar tasu ba ta wuce Funtuwa ba. Ɗaki ne guda a Tudun Wada, an buɗe shi shekara biyu bayan an ba mu jiha. Mu ɗalibai aka kawo mu kula da kayan, aka kuma kafa kwamitin jama'a, wai don aikin ya zama na kowa. Shugabancinsa ya faɗa hannun Alhaji Ɗahiru mai motoci, mutumin da in ya ga tsohon abu sai ya ji kamar an zage shi.

Ƙawata Saude ce ta samo abu mafi daraja a ɗakin: akushin kakarta, Inna Kulu ta Bilbis. Baƙi ne wuluk, ya sha hayaƙi da man shanu har yana sheƙi. A cikinsa marigayi mijinta, Malam, ya ci tuwo tun daga aurensu har ƙasa ta rufe masa ido. Sai da Saude ta yi ta sintiri Bilbis, ta rantse za ta mayar da shi yadda ta karɓa, sannan tsohuwar ta saki.

Da auduga da ɗan buroshi mai laushi Saude take bin sa, ko ruwa ba ta yarda ya taɓa shi ba. Abin da malamarmu take kira gyara ke nan: a cire ƙura, a kori gara, a bar abu da tsufansa. Ranar da kwamiti ya zo duba aiki, Alhaji ya tsaya a kansa yana yatsina fuska.

"Wanga hwa? Haka za a nuna ma baƙi shi?"

"Ana kan gyaransa ne, Alhaji," in ji malama.

Ya kaɗa kai irin na wanda ya gane. Bai gane komai ba. A tasha, in an ce gyara, mota ce take shiga gareji tsohuwa ta fito tana ƙyalli. Muka tafi hutun ƙarshen mako, shi kuwa da makullin kwamiti a aljihu ya ɗauki akushin ya kai wa mai yi wa motocinsa fenti.

Ranar buɗe ɗaki muka tarar da shi a tsakiyar tebur, an kankare shi tas, an zuba masa kore da fari, ga fure ja a ciki irin na bayan tirela. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Alhaji na tsaye kusa da shi, babbar riga na ƙamshin turare, yana jiran yabo.

"Ku kunka ce gyara," ya ce wa Saude. "Ku kuna ta shahwa shi da auduga awa jinjiri. Ni ko na gyara."

Kafin Saude ta sami bakin magana, Inna Kulu ta shigo, ta sha hanya tun daga Bilbis a bayan akori-kura. Ta zaga ɗakin a hankali, ta wuce teburin ba ta ko kalle shi ba, ta dawo wurin jikarta.

"Ke Saude, ina akushin Malam?"

Saude ta nuna da yatsa. Tsohuwar ta ɗauka, ta juya shi, ta kai hanci ta sansana, ta ajiye.

"Wanga ba nau ba na."

"Shi ne, Inna. Wallahi shi ne. Zan kawo miki shi gida."

"Bar musu abinsu," in ji Inna Kulu, tana gyara mayafi. "Da kin ce min ya hwashe, da na san abin da zan yi ma kuka."