Kaskon Turaren Hajiya Daso

Ƙamshin turaren wuta ne ya tari Zahraddeen tun daga ƙofar gidansu a unguwar Sentul, can ƙasar waje inda yake karatu. Tunda surukarsa Hajiya Daso ta zo daga Kano jegon matarsa Sakinatu gidan ya koma haka, don haka bai kawo komai a ransa ba sai da ya shiga falo.

A tsakar falon, kan tayil, ga gindin tulun nan na bincikensa cike da garwashi, hayaƙi na tashi.

Wata huɗu shi da abokan bincikensa suka yi suna haƙa a bayan wani tsohon kanti kusa da Masjid Jamek kafin ya fito. Tulu ne na 'yan kasuwar da suka zauna bakin kogin garin shekara ɗari da hamsin da suka wuce, da wani baƙin abu daskare a cikinsa. Gobe za a kankare baƙin a gwada, a san me suke zubawa. Babi na huɗu na digirinsa a kan wannan ya tsaya. Shi ya sa hannu ya ɗauko shi jiya, don an rufe ma'ajiyar jami'a kafin su taso.

Ya durƙusa ya gaishe ta, idonsa na kan wutar.

"Sannu da zuwa, Baban Hanan," in ji Hajiya Daso. "Garin nan kaf ba mai sayar da kasko. Sai ga wannan a kwali ƙarƙashin tebur, an naɗe shi da auduga kamar jinjiri. Dauɗar ciki kuwa sai da na sa soson ƙarfe."

"Kin wanke shi, Hajiya?"

"Tas. Da omo."

Sakinatu ta fito daga ɗaki da jaririya a kafaɗa. Ta dubi ƙasa, ta dubi mijinta, ta dafa bango.

"Umma, na aikinsa ne fa," ta ce a hankali.

"Fasasshen tulun?"

Zahraddeen ya buɗe baki, ya tuna da wa yake magana, ya rufe. Ya ɗauko cokali ya kwashe garwashin ɗaya bayan ɗaya cikin faranti. Cikin tulun ya yi fes, sai danƙon turare da ya narke.

Ya fita baranda ya kira malamarsa. Tana ɗauka ta ce, "Gobe ƙarfe tara, boleh?" Wato ko zai yiwu, da yaren garin.

"Farfesa," ya ce, "a soke gwajin. Zan zo in yi miki bayani da kaina."