Ɗamarar Baba Tela

A sashen gashin ƙashi na asibitinmu mu biyu ne kacal, ni da abokiyar aikina, ita ma ciwon baya ya kwantar da ita saboda ɗaga majinyata. Manya na sama kuwa ba sa tuna muna nan sai ƙafar wani nasu ta gurɗe.

Akwai wata dabara da kowa ya sani a aikinmu. Za ka ɗaura wa majinyaci ɗamara a ƙugu, ka riƙe ta baya, yana takawa kana bin sa. In ka ga ƙafa ta yi ƙwari sai ka zare hannu a ɓoye. Muddin yana zaton kana riƙe da shi, ba zai faɗi ba.

Baba Tela ɓarin jikinsa ne ya shanye. Ɗansa ya riga ya gaya mini, in bai taka da kansa ba za su kai shi gida su kwantar, shi ke nan. Na san irin wannan kwanciyar, ba a tashi. Tausayin tsohon ya hana ni sakat.

Wata rana da rana tsaka, an ɗauke wuta, ina bin sa riƙe da ɗamara, muna tsakiyar ɗakin motsa jiki na zare hannuna. Sai ga wata mata ta zame a jikin ƙarafan koyon tafiya. Na ruga na tallafe ta, na waiwayo.

Baba Tela yana ta tafiya abinsa. Wutsiyar ɗamarar, maimakon ta yi reto, ta miƙe sambal ta bayansa, a ɗame.

"'Yata, yau hannunki da sanyi," ya ce, bai juyo ba.

In na amsa daga inda nake, zai gane ba ni ba ce, ya zube. Na ci gaba da riƙe matar ina kallonsa. Ya kai bango, na ga ɗamarar ta juyo da shi a hankali, daidai yadda nake yi. Ina sakin matar na isa gare shi, wutsiyar ta faɗi. Ban gaya wa kowa ba. Aka sallame shi yana takawa, da ɗamarar a ƙugu, don ya ƙi a kwance ta.

Bayan 'yan kwanaki ɗan ya shigo, ido ya yi zuru-zuru.

"Anti, don Allah ki zo gida."

"Ya faɗi ne?"

"Ina ma. Tun jiya yake zagaye tsakar gida, ƙafafunsa duk sun kumbura. Mun ba shi kujera, ya ce ba ki ce ya huta ba tukuna. Kuka yake, Anti. Yana ta roƙon ki sake shi ya zauna."