Kwamin Benen Malamai

Benen nan mai hawa uku da ke bakin hanya a Bodinga, Turawan wani kamfanin gina titi ne suka yi wa kansu, har da kwamin iyo a bayansa. Da suka tafi aka zuba malaman makaranta a ciki. Tun daga nan famfo bai sake ɗigo ba. Sai malaman suka karkata indararon rufi zuwa kwamin, damina ta cika shi, su yi ta lallaɓa ruwan har rani ya wuce. Ya yi gansakuka, gefensa na tsatsafa, amma shi ne rijiyarsu.

Kwamin nan Malama Balaraba ta dogara da shi ta ɗauko Inna daga Shagari. Ƙafafun tsohuwar sun shanye, kullum sai an wanke ta, an wanke shimfiɗarta. A gidan Maniru, yayan Balaraba, kowa yana gona, Inna kan yini ba mai juya ta. Maniru ya ce 'yar boko ba ta iya jinya. Balaraba ta goya uwarta a baya ta hau da ita hawa na biyu.

Shekarar zaɓe aka bai wa Alhaji Haliru kwangilar sake kwamin. Ya zo da leburori a ƙarshen damina, ruwa na cike taf.

"Alhaji, ku bari mu ci amfanin ruwan tukuna mana," in ji Balaraba.

"Malama, ai sai an ga mun fasa ake yarda mun soma aiki. Sabo fil za ku samu, har da murfi."

"Ruwan kwaɓa simintin fa?"

"Tanka za ta kawo. Ke dai koma aji, yara na jira."

Suka fasa. Ruwan shekara guda ya gangara titi, awaki suka sha, rana ta shanye saura. Tanka ta zo, ta sake zuwa, ta daina. Siminti ya yi wuya a kasuwa, aka shafa abin da ya samu. Ana haka soja suka karɓi mulki, ba a sake ganin Alhaji Haliru ba. Birkilan da ya rage ya tattara kayansa, ya ce sabon siminti sai ana ba shi ruwa safe da yamma, in ba haka ba ya tsage.

Mutanen bene suka raba kwana. Rijiyar da ke da ruwa tana can bayan kasuwa, ta yi zurfi, ga layi. Makon farko kowa ya yi. Daga nan duk wadda ta ɗebo bokiti sai ta dubi tukunyarta, ta dubi kwamin, ta haye sama. Balaraba kaɗai ta rage, da gammo a kai, tana wuce ɗalibanta a hanya ba ta sunkuyar da ido.

Jummai, matar hedimasta, ta leƙo daga baranda ta gan ta tana zuba wa simintin ruwa. "Malama, jaririn naki ya ƙoshi kuwa?"

"Da sauransa. Yau ma kwananki ne, ko kin manta?"

"Nawa jariran suna kuka, naki shiru yake."

Kowane bokiti sai ta raba shi, rabi na siminti, rabi na Inna, kuma ba wanda ya isa. Ɗakin ya soma wari. Bayan Inna ya fara salewa.

"Ɗiyata," in ji tsohuwar wata rana tana juya ta, "wanga dutse da kike shayarwa, mi za shi haifa miki?"

"Ruwa, Inna. In damina ta zo."

"To Allah shi kai mu."

Maniru ya zo dubiya ya ga gyambon. Da zai tafi ya tsaya a matakala.

"Ba na ja da ke, Balaraba. Amma in ruwan fari ya sauka kwamin nan bai riƙe ba, zan zo da mota in ɗauki Inna."

Rani ya yi tsawo. Wuyanta ya ƙage, gashin tsakiyar kanta ya zube, takalmin makaranta ya tsinke ta ɗaure da waya. Ba ta roƙi kowa ba.

Ruwan fari ya sauka da la'asar. Ta tsaya a cikinsa tana kallon indararo na zuba, har ruwan ya kai gwiwa a kwamin. Ta hau da gudu ta gaya wa Inna, ta wanke ta da bokiti guda cur, ta sake cikowa ta wanke zannuwa.

Da safe ta sauko. Kwamin babu komai sai danshi da ganyen dogon yaro. Wata siririyar tsaga ta ratsa gindinsa daga kusurwa zuwa kusurwa, a gefen da ruwanta bai cika kaiwa ba. Jummai ta leƙo daga baranda, wannan karon ta koma ciki.

Da Maniru ya zo ya miƙa hannu zai ɗauki Inna, Balaraba ta ce ya matsa. Ita ta hau da ita, ita za ta sauko da ita. Ta goya ta. Tsohuwar ta yi sauƙi a baya fiye da ranar da ta zo.

Motar ta kama hanyar Shagari. Balaraba ta koma ta ɗauki bokiti da gammo. Yanzu rabin bokiti ma ya ishe ta.