Butar Baba Ta Dawo a Cike

Sau bakwai Baba ya shiga bayi tsakanin hantsi da azahar. Na ƙirga, don ina tsakar gida da littafi a cinya, wai karatun jarrabawa nake yi. Kowace shiga da buta yake yi, kuma a cike take dawowa.

Shekarata biyu a makarantar koyon jinya. Babin fitsari da bayan gida na haddace shi tas da Turanci: sunan fitsarin da ya yi ƙaranci, da na mai zuwa da zafi, da na wanda ya taru a mafitsara ya ƙi fita. A asibiti nakan tambayi dattawan da ban sani ba launin bayan gidansu, ko gezau. Amma wannan Malam Ilyasu ne, limamin masallacin layinmu a Tudun Wada, ni kuwa ’yarsa ta fari, wadda ko sunanta ba ya kamawa don kara.

Na rufe littafin, na buɗe, na sake rufewa. Na bi Inna madafi.

"Inna, Baba fa ba lafiya. Fitsari ne ya riƙe masa."

Ta dube ni kamar na yi saɓo. "Rauda, wannan bakin naki! Ya ce ciwon baya ne. Na jiƙa masa kanwa."

Kanwa! Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, don na san abin da riƙewar fitsari ke yi wa ƙoda idan ta daɗe. Na je ƙofar ɗakinsa na dawo, na sake komawa na tsaya ina gyara mayafi. Ladan ya kira sallah, Baba bai fito ba. Tunda nake ban taɓa ganin haka ba.

Na yi sallama na shiga. Yana durƙushe a bakin gado, ya dafe mara, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Na tsuguna nesa kaɗan, idona a kan tabarma.

"Baba, yaushe rabonka da bawali?"

Kunya ta rufe ni har kunnuwana suka yi zafi.

"Tun jiya da safe," ya ce da ƙyar. "Sai ɗigo."

"Asibiti za mu yanzu. Roba za a sa ta fitar da shi, za ka samu sauƙi nan take."

Na tare keke mai ƙafa uku a bakin layi. Muna cikin tafiya, duk ramin da aka faɗa sai ya runtse ido. Da muka kusa ƙofar asibiti ya yi magana, bai dube ni ba.

"Ke, idan likita ya tambaya, ke za ki amsa." Ya numfasa. "Da Turancin nan naku za ki gaya masa, yadda ba zan ji ba."